Ƙararrawar Lindak a Kan Murhu

Coci ɗaya gare mu a Lindak, ƙararrawa ɗaya, addini biyu. Ni ne mai kaɗa ƙararrawar, kamar yadda ubana ya yi kafin ni. Sunana Bartel. Uwata 'yar ɗarikar Katolika ce, ubana ɗan ɗarikar Luta, saboda haka da aka zo naɗa ni kowane ɓangare ya ce ai nasu ne. Ni kuwa na karɓi igiya.

Tun zamanin kakanni aka raba cocin, lokacin da mai ƙasar ya mutu ya bar 'ya'ya maza biyu, kowa da addininsa, kuma babu wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa garin. 'Yan Katolika suka ɗauki gaba wajen bagade, 'yan Luta suka ɗauki tsakiya wajen mumbari, aka gitta shingen ƙarfe a tsakani. Ran Lahadi Fada Wendel ya yi tasa sujadar da sassafe, Fasto Tobiyas ya yi tasa da hantsi. Fada ya san Fasto yana fama da tari, don haka kafin ya fita sai ya ƙara turare a kasko, cocin ya turnuƙe. Fasto kuma yakan tara mutanensa a bakin ƙofa tun lokaci bai yi ba, su yi ta rera waƙa iya ƙarfinsu har Fada ya manta inda ya tsaya a karatunsa.

Ƙararrawa ce kawai ta gagara rabuwa. Fada ya ce an yi mata baftisma tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro addinin Fasto, kuma sunanta Katarina. Fasto ya ce tagulla ce, mutanen gari suka sa aka zuba ta, kuma bai taɓa ganin inda aka ce a yi wa tagulla baftisma ba. Kowannensu yana zargina da cewa na fi jan igiya idan sujadar ɗayan ce. Idan na gamu da Fada a hanya ya ce, “Bartel, ka tuna da uwarka.” Idan na gamu da Fasto ya ce, “Bartel, ubanka ba haka yake yi ba.”

Yaƙin da ake yi tsakanin addinan biyu ya riga ya tsufa a lokacin. Waɗanda aka haifa a farkonsa har sun yi aure sun haihu. Yau sojojin Kaisar, 'yan Katolika, su bi ta kanmu, gobe na ƙasar Suwidin, 'yan Luta, kuma kowa ya zo kaza ɗaya yake nema. Idan na Kaisar ne, Fasto ya haye rufin gidan Fada ya kwanta cikin tuffa har su wuce. Idan na Suwidin ne, Fada ya shige ɗakin ƙasa na gidan Fasto, ya zauna tsakanin gangunan kabeji, matar Fasto tana miƙa masa miya ta 'yar ƙofar da ke daɓe. A hakan ma ba sa fasa musu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna jifan juna da ayoyi ta tsakanin katako. Babu wanda ya taɓa yi wa ɗan'uwansa godiya. Fada yakan ce shi dai ba zai bari a rataye mutum yana cikin ɓata ba, sai ya shiryar da shi tukuna. Fasto yakan ce shi ma dalilinsa ke nan.

Wata kaka, bayan an gama yankan sha'ir, wani falke mai gishiri ya kawo labari cewa Kyaftin Hagen yana tafe da mutanensa, yana sauke ƙararrawa gari gari ana kaiwa a narke a zuba igwa.

Aka taru a gidan giyar Otili, don tun da aka ƙone zauren gari can muke shawara. Otili yayar matata ce, mijinta ya mutu ya bar mata gidan da wata tukunyar jan ƙarfe da take dafa giya a ciki, wadda in ka ga dama ka yi wa maraƙi wanka a cikinta. Magajin gari Ulrik ya zauna kusa da murhu. Kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma ya iya juya shi wajen duk malamin da ya fara magana.

Ya tambayi falken, “Shi wannan Hagen na wane ne?”

Falke ya ce, “Bana na Kaisar ne. Bara na Suwidin.”

Fada ya gyara zama ya ce to ai magana ta ƙare, sojan Kaisar ba zai taɓa ƙararrawar da aka yi wa baftisma ba.

Falke ya ce, “Fada, makon jiya ya sauke ta gidan sufaye, shugabansu yana tsaye yana kuka. Hagen har ya nemi shugaban ya riƙe masa linzami.”

Wani ya ce a binne ta a gona. Falke ya girgiza kai. Ya ce akwai garin da suka yi haka, Hagen ya tarar da hasumiya wayam, ya sa aka fara cinna wa rumbuna wuta ɗaya bayan ɗaya har masu garin suka ɗauko fartanya da kansu. Shi dai sai ya sami abu a rataye.

Fasto ya yi tari ya ce, in dai tsakanin rumbu ne da tagulla, a ba shi tagullar. Amma muryarsa ba ta fita sosai ba, don ita aka kaɗa ranar aurensa, ita aka kaɗa ranar da ya binne ɗansa na fari.

Fada ya juyo masa. “Na sani, maƙwabci. A wurinka ai ba ta da bambanci da waccan tukunyar.”

Fasto ya ce, “Babu bambanci ko kaɗan. Kifa waccan ka rataya, ka yayyafa mata ruwa, ka raɗa mata suna, ka gani ko mutanenka za su gane.”

Kowa ya juya yana kallon tukunyar.

Otili ta ajiye tulun da ke hannunta ta ce, “Ku daina kallon tukunyata.”

Magajin gari ya ce wannan maganar ta Fasto ya ji ta, kuma da kunne biyu ya ji ta.

An daɗe ana lallashin Otili. Aka ce mata kyaftin ɗin yana ganin tukunya a hasumiya zai yi dariya ya ce waɗannan matsiyata ne, ya wuce abinsa, tukunyarta ta dawo kafin a shiga sanyi. Ni ma na sa baki na ce, “Yaya, ki taimaka.” Ta ce da ni in rufe bakina, ƙanwarta ma da ta ba ni har yanzu ba ta ga ribar abin ba. Daga ƙarshe ta yarda da sharaɗi ɗaya: ƙararrawa za ta zauna a murhunta tana yi mata aikin tukunya har ranar da tukunyarta ta dawo. Ta sa Fada da Fasto kowa ya maimaita da bakinsa a gaban jama'a. Suka maimaita, don a ganinsu maganar 'yan kwanaki ce.

Washegari da safe ana yayyafi muka sauke ta. Mazan gari duka suka kama igiya ɗaya, na Katolika da na Luta a cakuɗe, don igiya ba ta da shinge. Fada ya fara addu'a, Fasto ya fara tasa, maƙeri ya ce in ba su yi shiru ba mutane ba za su ji lokacin da zai ce a saki ba, kuma duk wanda ta faɗo wa a kai ba zai tsaya tambayar addininsa ba. Shanu suka ja ta zuwa gidan Otili. Maƙeri ya cire mata harshe, wato ƙarfen da ke bugun cikinta, magini ya kafa ta a murhu baki sama, ya kewaye ta da tubali, aka shafe rubutun da ke jikinta da yumɓu da baƙin tukunya. Fada ya tsaya yana shafa gefenta yana ba ta haƙuri a hankali. Fasto ya yi kamar bai gani ba, amma na ji yana gaya wa magini ya ƙara tubali ta gefen da wuta ta fi ƙarfi.

Tukunyar kuma aka haye da ita sama, aka ɗaure mata harshen da waya. Da asubar da ta biyo baya na ja igiya don sujadar Fada. Abin da ya fito ya yi kama da kukan saniya mai mura. Karnukan gari duka suka amsa.

A ranar ne Hagen ya iso, wajen la'asar. Gajeren mutum ne mai furfura, a kan alfadari, ƙafarsa ɗaya a naɗe da tsumma saboda ciwo. Ɗamarar da ke ƙugunsa ja ce ta Kaisar, amma da iska ta ɗaga ta na ga cikinta shuɗi ne irin na Suwidin. Ya sa aka kawo masa kujera a filin coci, ya miƙe ƙafar a kan ganga, ya ce a kira masa malaman gari.

Fada ya fito shi kaɗai ya ce shi ne.

Hagen ya ce, “Da ɗayan. Na san yana rufin wani gida. Kowane gari na je akwai ɗaya a rufi. Ku sauko da shi, ba addini na zo saye ba.”

Aka sauko da Fasto, ganyen tuffa a gashinsa.

Hagen bai iya hawa hasumiya ba, sai ya sa mutanensa suka sauko da abin da ke ciki suka kife a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ga hannuwa biyu a gefe, ga gindi baƙi ƙirin, ga warin tsiron giya yana tashi. Wani soja ya fara dariya, Hagen ya ɗaga yatsa, sojan ya haɗiye ta.

Ya sa aka kawo Littafi Mai Tsarki. Abin da muka fi tsoro ke nan, don malaman nan biyu, duk rigimarsu, babu mai iya ɗora hannu a kan Littafi ya yi ƙarya.

Hagen ya ce, “Fada, ɗora hannunka. Wannan ce ƙararrawarku?”

Fada ya ɗora hannu ya ce, “Tamu? Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe. Wannan abin ko baftisma ba a yi masa ba. Ga wanda ya ba da shawarar a rataya shi nan tsaye. Tasu ce.”

Hagen ya juya ga Fasto. Fasto ya ɗora nasa hannun ya ce, “Ranka ya daɗe, tambayi mai igiya wa aka kaɗa wa ita yau da asuba. Mu ba a taɓa kiranmu sujada da wannan abin ba, ko sau ɗaya. Ta 'yan Katolika ce.”

Fada ya ce, “Wanda ya haifi abu shi ne ubansa.”

Fasto ya ce, “Wanda ya amsa kiranta shi ne ɗanta. Ka amsa ko ba ka amsa ba?”

Daga nan suka manta da Hagen. Mutanen da suka shekara da shekaru kowa yana cewa ƙararrawa tasa ce, yau ga su kowa yana tura wa ɗayan. Daga tukunya suka koma kan turare, daga turare suka koma kan auren malamai, har Fada ya tuna wa Fasto tuffar da ya cinye masa a rufi. Sojoji suka zazzauna a ƙasa suna kallo. Hagen ya harɗe hannuwa a ciki, fuskarsa kamar ta wanda aka kawo wa makaɗa.

Da ya gaji ya yafito ni. “Kai mai igiya. Me kake kaɗawa a garin nan?”

Na ce, “Abin da ke ƙarshen igiya, ranka ya daɗe. Ni daga ƙasa nake ja.”

Ya gyaɗa kai ya ce shi ma haka aikinsa yake. Sannan ya ce ƙishirwa yake ji, a nuna masa inda ake sayar da giya.

Babu yadda za a hana shi. Aka tallafe shi zuwa gidan Otili, ya zaɓi benci mafi kusa da murhu saboda ƙafarsa. Ƙararrawa tana nan cike, tana tafasa, Otili tana juyawa da muciya mai tsawon mutum. Magajin gari, da Fada, da Fasto, da ni, muka jeru a bango. Aka kawo wa Hagen miyar kabeji da kofin giya daga tsohuwar ganga. Ya sha miyar tas, ya lashe cokali, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa shi a bakin tukunyar.

Duk da tubali da yumɓu da abin da ke cikinta, sai da ta amsa. Murya ce ƙasa ƙasa, mai tsawo, wadda duk wanda aka haifa a Lindak ya sani tun yana goye. Ta zagaya ɗakin ta ƙi ƙarewa. Na ga leɓen Fada yana motsi. Magajin gari ya juya mataccen kunnensa wajen murhu, kamar hakan zai taimaka.

Otili ta ce, “Kada ka ƙara buga min tukunya. Giyar tsami take yi.”

Hagen ya ce, “Tukunyarki tana da murya, Inna.”

“Ta gidan mijina ce. Duk danginsu haka suke, surutu.”

Ya sa farce ya ɗan kankare yumɓun da ke gefe, ya duba abin da ya bayyana, sannan ya tofa yawu a yatsa ya mayar da yumɓun ya shafe. Ya tambaye ta yaushe wannan za ta nuna. Ta ce ba yau ba, ba gobe ba, kuma in aka taɓa murhun yanzu duk ta lalace. Ya tambaye ta nawa ne gangunan da ke cike a ɗaki. Ta ci gaba da juya muciya. Ya ce zai gano da kansa.

Da ya tashi fita ya tsaya a gaban malaman ya ce, “Umarnin da aka ba ni shi ne in kawo abin da na tarar a hasumiya. Na tarar. In masu zuba igwa sun ƙi ta, yarana sun daɗe suna dafa abinci a hular ƙarfe.” Ya dubi Fada, ya dubi Fasto. “Na yi yaƙi a ɓangaren kowannenku, ban taɓa jin daɗin addini kamar yau ba.”

Ba wai ya bar mu lafiya ba ne. Da suka tashi sun tafi da giyar da ke ganguna har da gangunan, da agwagin gari, da shanu mafi kyau, da takalman magajin gari, waɗanda aka cire masa yana zaune. Sanyin shekarar mun ci wuya. Amma ba a ƙone rumbu ko ɗaya ba, ba a rataye kowa ba, kuma a wancan zamanin garin da ya sami haka yakan yi godiya.

Tukunyar Otili ita ce a saman amalanken ƙarshe. Otili ta bi su har bakin gada da muciya a hannu tana ambaton iyayen Hagen ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya cire mata hula daga kan alfadari.

Ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba sai ga Fada da Fasto a ƙofar gidan giya, kafaɗa da kafaɗa, abin da ba a taɓa gani ba. Suka ce sun zo a mayar da ƙararrawa wurinta.

Otili ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Tukunyata ta dawo?”

Fada ya ce, “'Yata, ai kin ga abin da ya faru.”

“Na gani, Fada. Na kuma ji abin da kuka faɗa da bakinku, ku biyu. Ko in kira mutane su tuna muku?”

Fasto ya ce ai ba a yi zaton abin zai zo da haka ba. Ta ce ita ma da ta yi aure ba ta yi zaton mijin zai mutu ya bar ta ba, amma ba ta ji an ce a warware ba.

Aka sake taruwa. Malaman suka yi magana mai tsawo a kan darajar gidan Allah. Otili ta yi tata gajeriya. Ta ce tun da sojoji suka jefa mushen doki a babbar rijiya, duk wanda ya sha ruwan gari ba dafaffe ba sai cikinsa ya ɓaci, kuma 'yar giyar safe da take dafawa ita yara da tsofaffi ke sha su kwana lafiya. Ta ce da giyar nan za a samo irin shuka daga garuruwan tudu, tun da babu wanda zai ba mu sha'ir don ya ji ƙararrawa. Magajin gari, ƙafafunsa a naɗe da buhu, ya ce masu son a mayar da ita hasumiya su tashi su tsaya bakin ƙofa, masu son ta zauna a murhu su yi zamansu.

Fada ya tashi, Fasto ya tashi, wasu tsofaffin mata biyu suka bi su. Ni ma na yunƙura, don aikina ne ake magana a kai, sai matata Afra ta dube ni daga inda take zaune kusa da yayarta. Na gyara wandona na koma na zauna. Sauran jama'a, na Katolika da na Luta, kowa ya sunkuyar da kai yana duban cikin kofinsa.

Lahadin da ta biyo baya, karo na farko a tarihin Lindak, wa'azi ɗaya aka yi a gaba da bayan shinge, a kan mayar da ƙararrawa. Fada har aron ayoyi ya yi wurin Fasto, don Fasto ya fi shi sanin inda suke. Mutane suka saurara da ladabi, suka ce wa'azi ya yi kyau, suka wuce gidan Otili.

Ni kuma na koma ɗan juya muciya a wurin yayar matata. Idan ƙararrawa ba komai a ciki, in buga bakinta da guduma ta katako don kiran sujada, mutanen da ke kusa su ji su gaya wa na nesa. Idan tana cike, in zagaya gari ina kira da baki. Tun da ganguna sun tafi, a cikinta Otili ke dafawa, a cikinta take barin giyar ta nuna, don haka na fi yawan kira da baki.

Malaman suka mayar da bencin kusa da murhu wurin zamansu. Fada ya ce ya zo ne ya tabbata ba a cika mata wuta ta tsage ba. Fasto ya ce shi ya zo ne ya tabbata Fada bai yi wa giyar wani tsafi ba. Da farko Fada ya rantse ba zai sha abin da aka dafa a cikinta ba. Bai yi nisa da rantsuwar ba ya gano cewa abin da ya fito daga cikin mai baftisma ba zai rasa albarka ba. Fasto ya ce wannan camfi ne tsagwaronsa, ya miƙa kofi a ƙara masa. Mutanen tudu ma sun ce giyar Lindak tana da wani ɗanɗano da ba su san irinsa ba, suka riƙa ba da sha'ir ba gardama.

Haka muka yi shekaru. Sojoji sun sake bi ta kanmu, na wannan ɓangare da na wancan, duk wanda ya leƙa hasumiya ya ga wayam sai mu ce Hagen ya riga shi, kuma da yake kowa ya san Hagen, ba a ƙara tambaya.

Fada Wendel ya rasu a farkon wata bazara, ana ta jita-jitar cewa manya sun zauna a wani birni mai nisa suna shirin sulhu. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma Fasto ne ya zauna a gefensa har ƙarshe, yana karanta masa Zabura, shi kuma yana gyara masa fassara. Da safe Fasto ya zo gidan giya, idanunsa jawur. Ƙararrawa tana cike har baki da giyar da ta nuna a ranar.

Ya ce, “Otili, mutumin nan ba za a binne shi da ihun Bartel ba. A hasumiya za a kaɗa masa.”

Otili ta daɗe tana goge hannunta da zane. Ta ce, “Aro ne, Fasto. A gama makoki ta dawo.”

“Aro ne.”

“To giyar fa? Ba ni da inda zan juye ta, kuma ba zan zubar ba.”

Fasto ya dubi ƙararrawar, ya dube ni, ya ce in zagaya gari in ce kowa ya zo da kofinsa.

Ban taɓa yin kiran da aka amsa da sauri irin wannan ba. Kafin azahar an ga gindinta. Sai dai mutanen da suka kwashe ta su ne kuma za su ja igiya, don haka hawan ya fi saukowar daɗewa, maƙeri ya yi zagi har muryarsa ta dushe. Duk da haka kafin rana ta faɗi tana rataye a wurinta, an wanke mata yumɓu, an mayar mata da harshe.

Da na ja igiya sai na ji muryarta ta canja. Shekarun wuta sun sa ta yi kauri, ta ɗan shaƙe, tana jan ƙarshen sauti kamar mai jin barci. Wata tsohuwa ta ce maye ne bai sake ta ba. Aka yi dariya a bakin kabari, har da masu kuka. Fasto bai shiga gaban shinge ba, a tsakiyar coci ya tsaya inda ya saba, amma 'yan Luta duka sun zo, kuma babu wanda ya rera waƙa kafin lokaci.

Ranar da makoki ya ƙare Otili ta iso filin coci da shanu da igiyoyi. Muna cikin saukewa sai ga wani saurayi a kan jaki, da baƙar riga sabuwa da akwatin littattafai. Shi ne sabon Fada da bishof ya turo. Ya tsaya baki buɗe yana kallon ƙararrawar coci tana lilo a iska, wata ƙatuwar mace tana ba da umarni, faston 'yan Luta kuma yana cikin masu riƙe igiya.

Ya ce, “Ina za ku kai ta?”

Otili ta ce, “Gida. Matsa da jakinka, ɗana.”

Ya juya yana neman wanda zai yi masa bayani. Fasto ya miƙa mini nasa gefen igiyar, ya goge hannu a riga, ya je ya kama linzamin jakin.

Ya ce, “Sauko mu je ka zauna, ka sha wani abu. Labarin da tsawo. Amma ka sani tun yanzu, laifin daga ɓangarenku ya fara.”

Saurayin ya ce bai yarda ba, ko da yake bai ji labarin ba tukuna. Fasto ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki akwatin littattafan da kansa, suka bi bayan shanun.